Idan an tura ka da'awa zangon Kumasi: shiri, zaman yau da kullum da wuraren gani

Matashin da ya sauke karatu a Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega, aka ce ya shirya za a tura shi Ghana ya karantar, yakan ɗauka haske zai kai inda babu. Wannan tunani ne ya kamata a fara gyarawa tun kafin a ɗaure kaya. Zangunan Ghana, wato unguwannin baƙi Musulmi a cikin garuruwa, tsofaffi ne. Fataken goro ne suka kafa yawancinsu, waɗanda suke tashi da ayarin jakuna daga ƙasar Hausa, su bi ta Jega, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa Borgu har Salaga ta ƙasar Gwanja, kuma malamai suna cikin ayarin. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, a Kano aka haife shi, amma asalin gidansu Kabi ne, kuma har yanzu akwai malaman Ghana da silsilar karatunsu take komawa gare shi. Saboda haka wurin 'yan'uwa za ka, masu malamansu da limamansu da sarakunansu. Abin da ya yi musu ƙaranci shi ne mai zama da yara kullum a kan lokaci, ba mai ɗaga murya a kan mumbari ba. A ƙidayar 2021, Musulmi sun kai kashi 19.9 cikin ɗari na mutanen ƙasar, Kiristoci kuma kashi 71.3. A Kebbi kai ne mai rinjaye, a Kumasi kuwa maƙwabcin da kuke raba famfo da shi yana iya zama dattijon coci.

Takardu da hanya

Ka nemi fasfo, kada ka dogara da katin ɗan ƙasa. Ɗan Najeriya yana shiga Benin da Togo da Ghana ba tare da biza ba a ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS, amma izinin na ziyara ne, kuma bai wuce kwana 90 ba. A kan iyaka ka buɗe fasfon a gaban jami'in ka duba hatimi da adadin kwanakin da ya rubuta, domin abin da ya rubuta shi ne doka a kanka. Wanda zai zauna shekara yana karantarwa yana buƙatar izinin zama daga hukumar shige da fice ta Ghana, kuma masallaci ko makarantar da ta gayyace shi ce take nema masa. Don haka kada ka tashi sai da wasiƙar gayyata mai hatimi, wadda ta faɗi sunan makarantar, da unguwa, da tsawon zama, da wanda zai ɗauki nauyin ɗaki da abinci. Gayyatar baki ta waya ita ce take barin yaro a tashar mota da jaka a hannu. Baƙon da zamansa ya wuce kwana 90 kuma dole ya yi katin shaidar baƙi, wanda da shi ne rajistar layin waya da buɗe asusun banki suke sauƙi.

Katin rigakafin shawara wajibi ne. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, don haka ka yi ta da wuri, a hannun jami'an lafiya na gwamnati. Masu sayar da katin ba tare da allura ba suna cutar ka sau biyu: katin yana iya faɗuwa a bincike, sauron kuma bai san da kati ba.

Hanya biyu ce a ƙasa. Ta arewa ta fi kusa a taswira: ko ta Kamba zuwa Gaya a ƙetare gada zuwa Malanbil, ko ta Tsamiya a ƙaramar hukumar Bagudo zuwa Segbana, daga nan Kandi, Paraku, Jugu, a shiga Togo. Sai dai tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 gadar Gaya ta sha rufewa, Nijar ɗin ma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma arewacin Benin yana fama da hare-haren 'yan bindiga. Ga wanda bai taɓa fita ba, hanyar kudu ta fi: Legas, iyakar Seme, Kwatano, Lome, Aflawo, Akra, sannan Kumasi mai nisan kusan kilomita 250 daga Akra. Iyaka uku ce, kowace da hatimin fita da na shiga. Idan direba ya ce ka ba shi fasfo ya "gama komai", ka ƙirga hatiman da idonka kafin mota ta tashi, domin hatimin shiga guda ɗaya da ya ɓace shi ne zai tsayar da kai ranar dawowa. Ka riƙe 'yan sefa na ruwa da abinci a Benin da Togo, ka canza sidi, kuɗin Ghana, kaɗan a Aflawo, sauran ka bari sai cikin gari. Daga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya.

Kaya kuwa, kada ka cika. Riga huɗu ko biyar marasa nauyi, babbar riga ɗaya ta Juma'a da idi, gidan sauro mai magani, tocila, lema, takalmi rufaffe, da littattafan da za ka karantar. Kada ka sa komai mai zanen kakin soja a jaka, an haramta wa farar hula shi a Ghana. Littattafai ka sa su a leda mai kauri, kuma idan ka isa ka ɗora su a kan katako nesa da bango. Kumasi daji ce mai damina biyu, ɗaya daga wajen Maris zuwa Yuli, ɗaya daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma danshin da ba ka saba da shi a Kebbi ba yana sa takarda ta yi fumfuna cikin 'yan makonni.

Makon farko

Kada ka yi wa'azi a makon farko, ko an matsa maka. Aikin wannan mako gaisuwa ne. Mai masaukinka zai kai ka wurin limamin masallacin, da mai unguwa ko sarkin ƙabilar da ke wurin, da dattawan kwamitin makaranta, idan hali ya yi har fadar Sarkin Zango. Ka tafi da ɗan goro ko dabino, ka durƙusa yadda za ka yi a gaban hakimi a gida, ka ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne, an turo ni in taimaka da yara, ina neman izini da addu'a." Limamin da aka nemi izininsa yakan zama garkuwa. Wanda aka tsallake kuwa ba zai ce komai ba, amma za ka ga yara suna raguwa ba ka san dalili ba.

A unguwanni irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zango za ka ji Hausa ko'ina, amma masu yin ta ba duka Hausawa ba ne. Akwai Dagomba, Mosi, Zabarmawa, Wangarawa, Kotokoli, Fulani, Yarbawa, Hausa ce ta haɗa su. Hausar tasu tana da nata tsari: da yawa ba sa bambanta namiji da mace a magana, kuma suna cuɗa ta da Turanci da harshen Tuwi na Asante. Kada ka gyara wa kowa, balle ka yi dariya. Taka Hausar ce ma za ta ba su wuya. Idan ka ce wa yaro "mi kaka so" ko "taho ka ishe ni", zai tsaya yana kallon ka. Ka sassauta harshe, ka rage sauri, ka yi gajerun jimloli. Ka kuma koyi gaisuwar Tuwi ko da uku ce: "maci" da safe, "medase" don godiya, "mepawoceu" don roƙon alfarma. Ba a miƙa abu ko karɓa da hagu, kuma idan ka tarar da Asantawa a zaune a jere, daga wanda ke damanka ake fara musafaha.

Yadda yini yake tafiya

Kumasi tana kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa fiye da Kebbi, don haka rana tana fitowa wajen ƙarfe shida ta faɗi wajen shida kusan duk shekara, lokutan salla ba sa motsi sosai. Wannan yana sauƙaƙa tsara yini, kuma tsarin shi ne rabin aikin.

Bayan Asuba ka zauna a masallaci minti 30 zuwa 40 da manya masu son gyara Fatiha da ƙananan surori. Dattijo mai shekara sittin ba zai yarda ya yi kuskure a gaban jikansa ba, shi ya sa wannan lokaci ya fi dacewa da su. Daga nan ka karya da koko da ƙosai, ka ba kanka awa biyu na muraja'a da shirya darasi. Malamin da ya daina bita a baƙon wuri, haddarsa takan zube cikin wata shida ba tare da ya lura ba. Da hantsi, kwana biyu ko uku a mako, ajin mata ne. A yi shi a makaranta ko harabar masallaci, ƙofa a buɗe, da wata dattijuwa da kwamiti ya sani a zaune. Kada ka karantar da mace ita kaɗai a ɗakinka ko a nata, kada kuma ka riƙa amsa saƙonnin dare da sunan fatawa. Yawancin samarin da aka mayar gida da kunya, ta nan aka fara.

Yara suna boko daga safe zuwa wajen ƙarfe biyu ko uku, don haka ajinsu bayan La'asar ne zuwa dab da Magariba, sai Asabar da Lahadi da safe. Wasu makarantun suna ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na hukumar ilimi ta Ghana, wanda aka kafa a 1987, inda ake haɗa Larabci da boko a jadawali ɗaya. Idan irin wannan ce taka, shugaban makaranta ne mai tsara maka lokaci. Idan ta allo ce ko ta yamma, kai za ka tsara. Ka raba yara gida uku: masu babbaƙu, masu haɗa baƙi da wasali, da masu karatu a Mushafi. Kada rukuni ya wuce yara 20 zuwa 25, kuma ka ɗora babban ɗalibi a kan kowane rukuni yayin da kake tare da wani. Ka tambaya tun ranar farko ko da Warshu suke karatu ko da Hafsu, ka bi abin da ka tarar, domin yaron da ake ja tsakanin ruwaya biyu yakan rasa duka. A fiƙihu ka fara da tsarki da salla daga ƙananan littattafan Malikiyya da suka riga suka sani, irin su Ahalari da Ishmawi, kuma alwala a bakin famfo ake koyar da ita, da buta a hannu, yaro yana yi kana kallon ko ruwa ya kai gwiwar hannu da dugadugai. Ka ajiye rajista: sunan yaro, surar da yake, ranar da ya wuce ta. Bulala kuwa ka bar ta a gida. Hukumar ilimi ta hana dukan ɗalibai tun 2017, kuma baƙo ne ya fi kowa saurin shiga hannun 'yan sanda a kan wannan.

Tsakanin Magariba da Isha'i ne lokacin karatun jama'a. Minti 20 ya isa. Ka ɗauki littafi ɗaya ka bi shi daki-daki, ka bar minti biyar na tambaya. Idan aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce za ka duba, ka kuma dawo da amsar gobe.

Abubuwan da suke ɓata aiki

Na farko shi ne ɗauko rigimar gida a kai can. Akwai Tijjaniyya da Ahlussunna a Ghana, akwai 'yan Ahmadiyya tun 1921, akwai 'yan Shi'a, kuma a shekarun 1990 an yi arangama tsakanin Tijjanawa da Ahlussunna a wasu garuruwa har aka yi asara. Mutanen sun ɗanɗana, sun sha wahala kafin su daidaita. Za a samu samari da za su zo su tambaye ka hukuncin ƙabalu da sadalu ko maulidi, waya tana ɗauka a aljihu. Ka amsa da ilimi a zaman karatu idan darasi ya kawo, amma kada ka ambaci sunan wani malami ko wani masallaci da suka. Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919 ya zama babban limamin ƙasa a 1993, ya halarci wani cocin Katolika a Akra a 2019 lokacin cikarsa shekara 100, kuma ƙasar ta yaba. Ko mene ne ra'ayinka, ka san cewa wannan zaman lafiya abin alfaharinsu ne. Haka ganin wata: sanarwar ofishin babban limamin Ghana za ka bi, ba wadda aka turo maka daga Sakkwato ba, ko da an samu bambancin kwana ɗaya.

Na biyu kuɗi ne. Kada kuɗin masallaci ko na makaranta ya kwana a hannunka. Idan wani ya ba da gudummawa, a kira ma'aji ya karɓa ya rubuta. Kada kuma ka buɗe teburin sayar da turare ko huluna don cike giɓi: dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa, an kuma sha rufe shagunan 'yan Najeriya a Kumasi a kanta. Idan alawus bai isa ba, waɗanda suka turo ka za ka gaya wa. In kai za ka kama ɗaki, ka sani masu gida sukan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, don haka a warware wannan tun kana gida.

Na uku siyasa. Zango yana da zafi a lokacin zaɓe, kuma dattawa ba su manta da korar baƙi da Ghana ta yi a 1969 ba, kamar yadda 'yan Ghana ba su manta da wadda Najeriya ta yi musu a 1983 ba. Ba ka da ƙuri'a, kada ka kasance da ra'ayi a fili.

Ciki da jiki

Abinci ba zai ba ka wahala a zango ba: akwai shinkafa da wake, tuwon zafi da miyar ayoyo, fura, tsire. A wajen zango ne za ka yi tambaya kafin ka ci sakwara, domin miyar tana iya ɗauke da naman alade ko naman dajin da ba a yanka ba. Kifi ya fi kwanciyar hankali. Zazzaɓin cizon sauro a can ba shi da lokaci, duk shekara ne. Ka kwana cikin gidan sauro, in jiki ya yi zafi ka yi gwaji a ranar. Idan aka ba ka maganin nan na kwana uku, sha shida ne, na biyu bayan awa takwas da na farko, kuma da abinci mai maiƙo ake sha don ya shiga jiki. Masu dainawa a rana ta biyu don sun ji sauƙi su ne zazzaɓin yake komo wa. Ga gudawa, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, kafin a kai ga asibiti. Kewar gida ma ciwo ce, takan taso a wata na biyu. Ka sa ranar kiran iyaye sau ɗaya ko biyu a mako, amma kada ka kwana a waya da mutanen Kebbi alhali ba ka san sunan maƙwabcinka ba.

Fita ganin ƙasa

Ka ware yini ɗaya a mako na hutu, galibi Alhamis, da 'yan kwanaki a hutun makaranta. Ka sanar da liman inda za ka, ka riƙe kwafin fasfo, kada ka ɗauki hoton bariki ko shingen 'yan sanda.

Cikin gari ka fara da kasuwar Kejetiya, da ɗan gari a gabanka, waya a aljihun gaba. Sai gidan tarihi na fadar Manhyia, ginin da Turawan Ingila suka yi a 1925 domin Sarki Prempeh na Ɗaya bayan dawowarsa daga gudun hijirar dole a tsibiran Seshel. A nan za ka fahimci girman sarautar da kake zaune a ƙasarta, ka kuma ji cewa malamai Musulmi suna hulɗa da fadar Asante tun fiye da shekara ɗari biyu. Duk bayan mako shida, ranar Lahadi, ana bikin Akwasidae inda Sarki Osei Tutu na Biyu, wanda ya hau a 1999, yake zama a fili. Bikin yana da ɓangaren girmama kakanni irin na addininsu na gargajiya, don haka ka yanke shawara tun daga gida ko za ka je. In ka je, kallo ne naka, ba gyara ba. Tafkin Bosomtwe yana kusan kilomita 30 kudu maso gabas, a cikin wani babban rami da dutse daga sama ya haƙa, kuma za ka ga masunta suna kamun kifi a kan falankin katako maimakon kwalekwale. Ɗan Argungu ko Yawuri zai daɗe a bakin ruwan nan yana kallon yadda suke jefa taru.

Tafiyar kudu ta kwana biyu ce: Kef Kos da Elmina, inda Turawan Fotugal suka gina ganuwa a 1482. A hanya akwai Asin Manso, rafin da ake yi wa bayi wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓar teku. A ganuwar Kef Kos ko ta Elmina, ka shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa ka tsaya, ka ji ƙarancin iska da duhun wurin. Da yawa daga waɗanda aka tsare a ciki daga arewa aka kawo su, ta kasuwannin da Musulmi ma suka yi ciniki a cikinsu, kuma mai karantar da addini ya kamata ya san wannan ba tare da neman uzuri ba. Idan hanya ta bi da kai Akra, ka yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021 da taimakon Turkiyya.

Tafiyar arewa ta fi tsawo, ka ba ta kwana huɗu, kuma da rani, tsakanin Disamba da Afrilu, lokacin da dabbobi suke taruwa a bakin ruwa. Mota tana bi ta Teciman da Kintampo zuwa Damongo, sannan Larabanga, inda akwai tsohon masallacin ƙasa mai farin shafe da itatuwa a jikin bango, da kuka a gefensa. Mutanen garin suna cewa tun 1421 aka gina shi. Ka nemi liman ka gaishe shi, kuma ku daidaita abin da za ka ba ɗan rakiya kafin ku fara zagayawa, ba bayan an gama ba. Gandun dajin Mole yana nan kusa. Ana fita kallon giwaye a ƙafa da sassafe tare da jami'i mai bindiga, da takalmi rufaffe, kuma inda ya ce a tsaya nan ake tsayawa. Kada ka riƙe abinci a hannu a wurin masauki, gwaggon biri yana fizgewa.

Daga nan ka wuce Tamale ka nemi motar Salaga. Garin ya ragu tun bayan yaƙin basasar 1892 da ya watsa fatake da malamai zuwa Kete Krachi da Kumasi da sauran wurare, amma rijiyoyin da aka shayar da bayi suna nan, da filin tsohuwar kasuwa, da gidajen da za a gaya maka daga Katsina ko Kano ko Kabi kakanninsu suka zo. Ka nemi dattijo ya zagaya da kai, ka tafi da littafin rubutu. Komawa Kumasi akwai gajeriyar hanya ta Makango, a ƙetare tafkin Bolta a jirgin fito zuwa Yeji. Ka tambayi lokacin tashinsa tun ana gobe, ka isa da wuri, kuma idan ka rasa babban jirgin ka kwana ka jira na gaba, kada ka shiga ƙaramin kwalekwalen da aka cika da mutane da buhuna, domin akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwan tun lokacin da madatsar Akosombo ta mamaye dajin.